Zaɓen Monita Mai Sauƙin Kuɗi Domin Wasan Gem: Darasi Daga Kasuwar Suleja

1.0 Gabatarwa

Wasan gem ya daɗe da zama ruwan dare a tsakanin matasan ƙasar Hausa. Tun daga zamanin PlayStation 2, wadda ta fito a shekarar 2000, har zuwa PlayStation 5 ta shekarar 2020, da wuya a sami gari mai wutar lantarki da ba shi da shagon da samari kan taru domin buga ƙwallon FIFA ko PES. Kamfanonin ma sun sauya wa wasannin suna, PES ya koma eFootball a 2021, FIFA kuma ya koma EA Sports FC a 2023, amma a bakin 'yan wasa tsofaffin sunayen ne ke yawo. Ga wasu wannan wasa hutu ne bayan karatu, ga wasu kuwa sana'a ce da ake ci da gida da ita.

Sai dai kayan wasan duk daga waje suke zuwa, da dala ake shigo da su. A watan Mayu na 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan ɗalibin da ya yi watanni yana tari, ko matashin da ya karɓi rance domin buɗe shagon gem, ba shi da damar yin saye biyu. Wannan maƙala za ta duba yadda ake zaɓen monita mai sauƙin kuɗi, tare da ɗaukar Suleja a matsayin misali. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, monita ba ta ƙara wa hoto abin da na'urar wasa ba ta turo mata ba. Saboda haka monita ta gari ita ce wadda ta dace da na'urar mutum da wutar unguwarsu da aljihunsa, ba wadda ta fi manyan lambobi a jikin kwali ba.

2.0 Kalmomin Fannin

Da yake da ɗaliban harshe ake magana, ya dace a fara da kalmomi, domin wanda bai san sunan abu ba, shi ake sayar wa gaibu. Kalmar monita ararriya ce daga Ingilishi, kuma ta shigo Hausa sau biyu. Da farko ta shigo ta makarantar boko da ma'anar shugaban aji, daga baya ta sake shigowa tare da kwamfuta da ma'anar akwatin da ke nuna hoto. Kalmar allo kuwa daga Larabci take. Asalinta allon katako na makarantar allo, sai ta faɗaɗa ta haɗa da allon aji, yanzu kuma ta kai ga fuskar talabijin da ta waya. A kasuwa ana jin sikirin, inda Bahaushe ya cusa wasula a tsakanin baƙaƙen da suka zo a jere, domin tsarin gaɓarsa ba ya yarda da cunkoson baƙaƙe a farkon kalma. Haka abin riƙewa na wasa ya zama fad, saboda sautin leɓɓa na Ingilishi yakan koma /f/ a Hausa.

Akwai kuma kalmomin da ke bayyana asalin kaya. Sabo a kwali shi ne wanda ba a taɓa buɗewa ba. Na hannu shi ne wanda wani ya yi amfani da shi a nan gida. Tokunbo kalmar Yarbanci ce mai nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku, kuma ita da Beljiyam duk suna nufin kayan da aka yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin a kawo su.

Domin sauƙin bayani, za a yi amfani da waɗannan kalmomi a wannan maƙala:

(a) Ɗigo: mafi ƙanƙantar tabon haske da ake harhaɗawa ya zama hoto.
(b) Yawan ɗigo: adadin ɗigon da ke kwance da wanda ke tsaye a allo.
(c) Saurin sabunta hoto: sau nawa allo ke sake zana hoto a cikin sakan ɗaya. Ana auna shi da Hz.
(d) Saurin rikiɗa: lokacin da ɗigo ke ɗauka kafin ya sauya daga wani launi zuwa wani.
(e) Jinkirin amsa: tazarar da ke tsakanin danna fad da ganin sakamako a allo.
(f) Faranti: ainihin gilashin da ke samar da hoton.
(g) Kafa: ramin da ake soka kebul a bayan monita.

3.0 Suleja da Hanyar da Monita ke Biyowa

Garin Suleja shi ne aka sani da Abuja a da. Bayan da aka ƙirƙiro sabon babban birnin tarayya a 1976, aka ba shi wannan suna, sai tsohon garin ya ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau ya koma Suleja. Kusancinsa da babban birnin ya sa ɗimbin ma'aikata da 'yan kasuwa suke kwana a Suleja su wuni a Abuja. Wannan ya ba mai saye zaɓi biyu. Yana iya dubawa a shagunan kayan lantarki na cikin gari da na Kasuwar IBB, ko kuma ya bi ta Madalla da Zuba da Kubwa ya shiga Banex Plaza da ke Wuse II, inda kaya suka fi yawa. Sai dai wanda zai tafi Abuja ya sa kuɗin mota na zuwa da dawowa a cikin lissafinsa, har da na komawa idan kayan ya ba da matsala. Sau da yawa rangwamen da aka samu a can, a hanya yake ƙarewa.

Mafi yawan kayan nan ta tashoshin jiragen ruwa na Legas suke shigowa, su bi ta manyan kasuwanni irin su Alaba da Computer Village ta Ikeja kafin su hauro Arewa. A nan akwai abin lura. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa a shekarun 2015 da 2016 an riƙa shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki Nijeriya a kowace shekara, kuma aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki. Binciken ya ƙara da cewa talabijin da monita masu shafaffen allo su ne suka fi nauyi a cikin kayan, kuma fiye da rabinsu matattu ne. Wannan bai nuna cewa tokunbo duk shara ba ne. Abin da ya nuna shi ne, wasu daga cikin waɗanda ake gani a kan kanta gyararru ne, don haka gwaji kafin biya wajibi ne.

4.0 Abubuwan da Ake Dubawa

4.1 A Fara da Na'urar Wasa

Tambayar farko ba "wace monita ce ta fi?" ba ce, a'a, "da me zan haɗa ta?" ce. PlayStation 4, wadda ta fito a 2013 kuma har yanzu ita ce jarin shagunan gem da dama, ba ta tura hoto fiye da sau 60 a sakan. Wanda ya saya mata monita mai 144Hz ko 165Hz ya biya kuɗin gudun da ba zai taɓa gani ba. PlayStation 5 da Xbox Series S na iya kaiwa 120 a wasu wasanni, ba duka ba. Ita kuwa kwamfuta, ƙarfinta yana ga katin hotonta. Kwamfutocin cinya na ofis irin su HP EliteBook da Dell Latitude, waɗanda ɗalibai suka fi saye, akasarinsu ba su da katin hoto na daban, don haka a manyan wasanni kai wa 60 ɗin ma aiki ne. Daidai ruwa, daidai tsaki.

4.2 Yawan Ɗigo da Girman Allo

Mutane da yawa kan ɗauka cewa girman allo shi ne kyan hoto. Ba haka abin yake ba. Ga lissafin:

1366 x 768, wanda ake rubuta wa HD, ɗigo 1,049,088 ne.
1920 x 1080, wato FHD, ɗigo 2,073,600 ne.
2560 x 1440, wato QHD, ɗigo 3,686,400 ne.
3840 x 2160, wato 4K, ɗigo 8,294,400 ne.

Abubuwa biyu ke fitowa daga wannan lissafi. Na farko, duk ɗigon da aka ƙara, na'ura ce za ta zana shi. 4K ya ninka FHD sau huɗu, ke nan kwamfutar da ke numfarfashi a FHD za ta durƙushe a 4K. Na biyu, idan aka shimfiɗa ɗigo iri ɗaya a kan allon da ya fi faɗi, sai hoton ya yi garaje. FHD a allo mai inci 24 yana ba da ɗigo kusan 92 a kowane inci, a mai inci 27 ya sauko 82, a mai inci 32 kuma ya koma 69. Tun da mai monita kusa yake zama, tazarar da ba ta wuce miƙa hannu ba, idonsa zai ga wannan bambanci. A tuna kuma, incin allo daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne.

Saboda haka ga mai ƙaramin ƙarfi, FHD a inci 22 zuwa 24 shi ne madaidaici. A yi hattara da ƙananan talabijin masu inci 32, domin da yawansu 1366 x 768 ne, ko da an rubuta musu HD da manyan haruffa. Bugu da ƙari, talabijin kan tsaya yi wa hoto kwalliya kafin ta nuna shi, abin da ke ƙara jinkirin amsa. Wanda ya zama dole ya yi amfani da ita, ya nemi tsarin wasan gem a cikin saitinta ya kunna.

4.3 Saurin Sabunta Hoto

Hoton da ake gani yana motsi, a haƙiƙa jerin hotuna ne tsayayyu da ke wucewa da sauri. A allo mai 60Hz kowane hoto yana tsayawa milisakan 16.7, wato kashi 16.7 cikin dubu na sakan. A mai 75Hz yana tsayawa 13.3, a mai 120Hz 8.3, a mai 144Hz kuma 6.9. A lura da yadda ribar ke raguwa. Daga 60 zuwa 120 an sami ragin fiye da milisakan 8, amma daga 120 zuwa 144 ragin bai kai milisakan ɗaya da rabi ba. Ga wasan harbi irin su Call of Duty a kwamfuta mai ƙarfi, tsallakawa daga 60 zuwa 120 ko 144 abu ne da ido ke gani, hannu ke ji. Ga mai buga ƙwallo a PlayStation 4 kuwa, 60 ta wadatar.

Akwai wata matsala da ake kira tsagewar hoto, inda rabin allo na sama ke nuna wani hoto, na ƙasa kuma wani, saboda gudun na'ura da na allo sun saɓa. Kamfanin Nvidia ya fito da G-Sync a 2013, AMD kuma ya fito da FreeSync a 2015 domin daidaita su. FreeSync ba ya buƙatar wani kayan aiki mai tsada a cikin monita, shi ya sa ake samun sa ko a masu araha, kuma tun daga 2019 katunan Nvidia ma suna aiki da da yawa daga cikinsu. Mai kwamfuta ko Xbox zai amfana da shi, amma mai PlayStation 4 ba ruwansa da shi.

4.4 Nau'in Faranti

Farantin monita mai sauƙin kuɗi iri uku ne. TN shi ne mafi daɗewa, mafi araha, kuma yana da saurin rikiɗa, sai dai launinsa kan kode da zarar an kalle shi ta gefe ko ta ƙasa. IPS, wanda kamfanin Hitachi na Japan ya fito da shi a 1996, yana riƙe launinsa ta kowane gefe, amma baƙinsa ya fi kama da toka-toka a cikin duhu. VA ya fi su baƙi mai zurfi, domin tazarar baƙi da farinsa takan kai 3000:1 alhali ta IPS takan tsaya wajen 1000:1, sai dai yakan ja inuwa a bayan abu mai gudu, musamman a wuri mai duhu.

A nan yanayin wasanmu ne zai yanke hukunci. A ƙasar Hausa ba a cika buga gem mutum ɗaya ba. Biyu ne ke riƙe da fad, huɗu ko biyar na tsaye a gefe suna jiran layi suna ba da shawara. Babu ɗaya daga cikinsu da ke daidai tsakiyar allo. Don haka IPS ya fi dacewa da shagon gem da ɗakin ɗalibai. Ƙari a kan haka, ɗalibin da zai buga aikin bincikensa a kan allon zai fi jin daɗin karatu a kansa.

4.5 Kafofin Haɗi

A nan ne masu sayen tokunbo suka fi faɗawa rami. Yawancin monitocin nan tsofaffin kayan ofis ne na Dell da HP da Lenovo, masu ƙwari ƙwarai, amma da dama daga cikinsu ba su da kafar HDMI. Abin da suke da shi VGA ne, wanda IBM ya fito da shi tun 1987, da DVI da DisplayPort. PlayStation 4 da 5 kuwa HDMI kaɗai suka sani.

Idan monitar tana da DVI, kebul mai kai biyu, HDMI da DVI, zai kai hoto amma ban da sauti. Idan VGA kaɗai gare ta, sai an sayi akwatin juya sigina, hoton zai ragu, kuma sau da yawa sai an kashe HDCP a saitin na'urar kafin ya fito. Kebul mai araha na DisplayPort zuwa HDMI kuwa hanya ɗaya yake bi, daga kwamfuta mai DisplayPort zuwa allo mai HDMI, ba ya yin akasin haka. Wanda ya saye shi domin haɗa PlayStation da monitar ofis, baƙin allo zai gani. Haka kuma monitoci da yawa ba su da lasifika. A duba ko akwai kafar sauti a baya. In babu, fad ɗin PlayStation 4 da na 5 suna da kafar abin sauraro na kunne.

4.6 Harshen Talla

Ɗalibin harshe ya san cewa talla tana da salonta, takan faɗi gaskiya ta ɓoye rabinta. "1ms" da ake gani a kwali sau da yawa an auna shi ne a wani saiti na musamman wanda ke rage haske ko ya ɓata hoto, kuma ba shi ne jinkirin amsa ba. HDR a monita mai araha yawanci yana nufin tana karɓar siginar ne kawai, ba ta da hasken da za ta nuna shi yadda ya kamata. Lanƙwasasshen allo da fitilu masu launi a baya ado ne, ba sa ƙara ko ƙwallo ɗaya a raga. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

5.0 Wuta da Zafi da Ƙura

Wutar Nijeriya a ƙa'ida bolt 230 ce, amma kowa ya san yadda take hawa da sauka, balle ta ƙaramin janareta. A duba bayan monita a tabbatar an rubuta 100-240V. Wasu monitocin, musamman na LG da Samsung, suna amfani da adafta ta waje mai bolt 19 ko 14. Amfanin wannan shi ne idan wuta ta yi ɓarna, sau da yawa adaftar ce ke ƙonewa, a sauya ta da kuɗi kaɗan, muddin sabuwar ta yi daidai da bolt ɗin tsohuwar. Duk da haka, a ware kuɗin sitabilaiza ko soket mai kariya tun a cikin kasafin farko.

Cin wuta ma abin lissafi ne, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a 29 ga Mayu, 2023. Monita mai inci 24 takan ci wat 20 zuwa 30. A ɗauka mai wat 25 ce, ana kunna ta awa 6 a rana. A wata ta ci yunit 4.5. A farashin naira 225 da aka sanya wa rukunin A a Afrilun 2024, wannan ya kama kimanin naira 1,013. Babban allo mai wat 80 kuwa zai ci yunit 14.4, wato naira 3,240. Mai shago mai allo biyar ya ninka wannan bambanci sau biyar, sannan ya tuna cewa a kan inbata ko sola, kowane wat da aka rage ƙarin mintunan wasa ne.

Akasarin monitoci an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma shagon kwano a watan Maris da Afrilu yana iya kusantar haka. A bar sarari a bayanta domin iska. Da hunturu a riƙa rufe ta da ƙyalle bayan ta huce, a goge ta da tsumma mai laushi ba tare da fesa mata ruwa kai tsaye ba. Da damina kuwa, idan hadari ya taso a zare ta daga soket.

6.0 Gwaji Kafin Biya

Gani ya kori ji. Mai saye ya je da na'urarsa ko kwamfutarsa da kebul ɗinsa, ya bi waɗannan matakai:

1. Ya karanta takardar da ke manne a baya, ya ga lambar samfuri da shekarar ƙira, ya bincika lambar a intanet ta wayarsa domin ya gaskata abin da mai shago ya faɗa.
2. Ya cika allon da fari, sannan baƙi, ja, kore da shuɗi, ɗaya bayan ɗaya. Mataccen ɗigo zai fito baƙi a kan fari, maƙalallen ɗigo kuma zai yi ta haske a kan baƙi.
3. A kan baƙin, ya duba ko haske na tsiyaya ta gefuna. A kan farin, ya duba rawaya-rawaya ko tabon dannewa.
4. Ya gwada kowace kafa da kowane maɓalli, ya ɗan motsa kebul ya ga ko hoton zai ɗauke.
5. Ya bar ta a kunne minti 15 zuwa 20, domin wata matsalar sai allo ya ɗauki zafi take bayyana.
6. Idan an ce 144Hz ce, ya shiga saitin Windows ya zaɓi 144 da kansa, domin sau da yawa kwamfuta a 60 take barin ta.
7. Ya duba gefen murfin ko akwai alamar an taɓa ɓalle shi.
8. Ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kayan da adadin kwanakin garanti a rubuce. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba da damar mayar da kaya mai aibi, amma wanda ba shi da rasit ba shi da bakin magana.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa zaɓen monita yana farawa ne daga na'urar da ke hannu. Mai PlayStation 4 ko kwamfutar ofis, abin da ya dace da shi FHD ce mai inci 22 zuwa 24, farantin IPS, 60Hz ko 75Hz, mai kafar HDMI, kuma tokunbo mai lafiya za ta yi masa. Mai PlayStation 5 ko Xbox Series S ya nemi wadda ke karɓar 120Hz ta kafar HDMI, ba ta DisplayPort kaɗai ba. Mai kwamfuta mai katin hoto na daban shi ne zai ci moriyar 144Hz da FreeSync. Ragowar kuɗin ya tafi ga kariyar wuta da kebul mai kyau. Hausawa na cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma a wannan fage nagari shi ne wanda ya dace, ba wanda ya fi tsada ba.

Daga ƙarshe, akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa. Kalmomin da aka kawo a sashe na 2.0 shawara ce, ana iya gyara su ko a kawo waɗanda suka fi su. Masu gyara da masu shagunan gem na Suleja da Kano da Zariya suna ƙirƙirar nasu kalmomin kullum, kuma ya dace a je a tattaro su, a tantance, a shigar da su ƙamus. Ranar da mai saye zai iya tambayar yawan ɗigo da saurin sabunta hoto da harshensa, ya kuma fahimci amsar da aka ba shi, ranar ce zai yi ciniki ido a buɗe.